Kasuwar Masu Igiya a Hannu

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma har yanzu da nake ba da labarinsa ban yarda da kowa a cikinsa ba.

Sai dai ku fara sanin mai mafarkin. Ni ne Mantau dillali, na karar Maigatari. Shekara hamsin da biyu ina riƙe da igiya. Ban taɓa shiga aji ba, amma in na ɗora hannu a gadon bayan sa zan gaya maka abin da ya ci shekaranjiya. Farin da ya kwashe shanun ƙasar nan ya zo ya same ni, ya tafi ya bar ni. Bijimi ya ɗaga ni da ƙaho sau biyu. Mota ta kife da mu a hanyar Gumel, mu tara, ni na fito da ƙafata na jawo sauran. Waɗanda muka fara sana'ar nan tare duk sun riga ni. Amma abin da na fi tinƙaho da shi ba ya cikin waɗannan. A sana'armu dillali ne ke tsaye a bayan ciniki. In dabba ta fito da ciwo, ko ta zama ta sata, ba mai ita ake nema ba, ƙofar dillali ake bugawa. To tawa ƙofar ba a taɓa buga ta ba. Tunda nake ban taɓa cewa "na saya" aka dawo mini da dabba ba. Ko ɗaya. Ku je ku tambaya.

Jiya da la'asar na zauna a shagon maƙwabcina Ilu tela, ya kunna talabijin, wasu dogayen samari na ƙasar waje suna ta guje-guje suna jefa ƙwallo a kwando.

Ilu ya ce, "Baba, ka ga wancan siririn? Wa'adinsa ya ƙare da ƙungiyarsa, shi ne ƙungiyoyi suka yi ta tayawa. Kuɗin da aka ba shi zai saye kararku kaf, har da turakun."

Na ce, "Kofi nawa ya ci?"

"Bai ci ba tukuna."

"Shekara nawa yana yi?"

"Biyu. Yawanci ma a benci yake zaune."

"To me suka saya?"

Ya cire zare daga bakinsa ya ce, "Gobensa suka saya, Baba."

Da maganar na ci tuwo. Matata Tasalla ta tuna mini cewa ranar Alhamis zan kai mata 'yar akuyarta kasuwa, na ce na ji. Na kwanta.

Sai ga ni a kara. Karar ce dai, ga turaku, ga rumfunan dillalai, amma ƙasar duk katako ce mai sheƙi, kana takawa tana ƙara. Ana ruwa. Daga ƙasa ruwan yake fitowa, ta tsakanin katakai, ya wuce sama. Kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta. A kan kowane turke an rataye kwando, kuma kowane kwando ba shi da gindi. Na duba guda uku don in tabbata. Na mayar da jakata cikin riga na dafe.

Sai ga ni cikin wani ofis. Akuya ce a kan kujera, kyalla, da tabarau. Ana miƙo mata takarda, ta buga hatimi da kofato, ta cinye takardar, a miƙo wata.

Ta ce, "Malam Mantau, ka makara. Zauna."

Ban zauna ba. Na ce, "A ina muka san juna?"

"Za ka tuna. Ni ce Hajiya Kyalla, sakatariyar ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin nan. Mun ɗauke ka dillali. Ɗan wasa ɗaya za ka sayo mana kafin kasuwa ta tashi."

"La'ada fa?"

"Babu."

"In ciniki ya ɓaci fa?"

Ta nuna bango da ƙaho. Ƙofar gidana ce jingine a wurin. Tawa, ta langa-langa, har da ƙusar nan da ta lanƙwashe wadda nake rataye hula. Ta ce, "Mun taho da ita don kada a sha wahalar nema."

Nan na gane an shirya mini. Duk wanda ya ɗauko ƙofarka tun ba a yi ciniki ba, yana da niyyar buga ta.

Muna cikin kara ni da ita. Samari ne zaune a layi, dogaye, gwiwoyinsu sun wuce kunnuwansu. Kowanne da igiya a wuya, kuma bakin igiyar yana hannunsa.

Na ce, "Ina masu su?"

Ta ce, "Wa'adinsu ya ƙare, an kwance su. Yau kowa shi ne mai kansa. Inda ya ga dama zai kai igiyarsa."

Ban so wannan ba. Dabbar da ke riƙe da igiyarta, wa za ka tambaya tarihinta?

A ƙarshen layi akwai wani babba, zai yi talatin da huɗu, gwiwoyinsa a naɗe da tsumma, hancinsa ya taɓa karyewa. Yana cin gyaɗa da hannun dama, da hagu yana jefa ƙwallo ta bayansa ba ya ko waiwaye. Na tsaya na ƙirga. Goma ya jefa, goma suka shiga. Na matsa na taɓa ƙwabrinsa, na danna kafaɗa, na ɗaga leɓe. Haƙoran sun ɗan ci, amma duk suna nan.

Na ce, "Sunanka?"

"Cindo, Baba. Shekara goma sha uku ina yi."

Na juya wurin Kyalla. "Nawa?"

"Buhun dusa. Shi zai biya kuɗin motarsa."

"Me ya same shi?"

"An san shi," in ji ta.

Cindo ya yi dariya ya miƙo mini gyaɗa. Ya ce, "Kada ka damu, Baba. Kowace na jefa ta shiga, sai a rage mini mudu guda. Da safe buhu biyu nake."

Sai ga mu a tsakiyar taro. An kewaye wani yaro, fuskarsa ko gashin baki babu. Nafi'u sunansa, an rubuta a rigarsa, Kyalla ce ta karanta mini. A gefensa wani bunsuru ne tsaye cikin babbar riga, ya sha turare amma turaren bai yi nasara ba. Shi ne mai saye na ƙungiyar garin da ke ƙetaren ruwa. A can ba a faɗin kuɗi da naira, da tirela ake faɗa.

Bunsuru ya ce, "Tirela biyu."

Yaron ya ƙaru da kamu guda. A gabana, ina gani. Wandonsa ya tsaya a gwiwa.

Wani daga baya ya ce uku. Ya ƙara tsawo. Bunsuru ya ce biyar. Kan yaron ya wuce rumfa.

Kyalla ta zungure ni. "Taya mana."

Ban taya ba. Ina kallon bakin bunsurun. Takarda yake taunawa, irin ta ofishinta, mai jan hatimi. Wannan tsohuwar dabara ce, tun ina yaro na san ta: mai kaya ya ɗauko abokinsa ya zo yana taya na ƙarya, ya hura farashi, baƙo ya ruɗe ya afka. Na kama hannun rigar bunsurun na ja shi gefe.

Na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, nawa ta ba ka?"

Ya ce, "Dattijo, wallahi ni ma tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"In na bar shi ya tafi wajenku ya zama wani abu, mutanen garinmu da ni za su yi layya."

"In ka saye shi bai zama komai ba fa?"

"Sai a ce goben ce ba ta zo ba. Wa zai kama gobe ya yanka?"

Idonsa ya yi rau-rau da hawaye. Ban yarda da shi ba. Na ga masu kuka a kara da yawa.

Na ce a kawo mini tsani. Ni ba na taya dabba ban ga bakinta ba, ko ta wane ne. Aka kawo, na hau. Tsanin yana da tsawo, amma ni mutum ne da ya hau kan tirela tana tafiya yana da shekara sittin. Can sama ruwan da ke tashi ya taru ya zama tafki a kan kawunanmu, har da kifi. Gashin yaron yana taɓa shi.

Na ce, "Buɗe baki."

Ya buɗe. Haƙoran nono ne, farare tas, ɗaya ma yana girgiɗi.

Na ce, "Kai yaro, ka iya abin nan kuwa?"

Ya duba ƙasa, ya rage murya. "Baba, ni ma ban sani ba."

"Sau nawa ka shiga fili?"

"Bara an sa ni, minti goma sha ɗaya. Na jefa uku, ɗaya ta shiga."

"Sauran biyun fa?"

"Sun ce su ne alamar akwai sauran gyara. Wai duk abin da ban iya ba, zan iya shi nan gaba, shi ya sa yake da tsada."

"Kana jin daɗin tsawon nan?"

"Jiri nake ji, Baba. Tun safe ba na ganin ƙafata."

Na taɓa ƙugunsa. Ƙashi mai kyau ne, wannan ba zan ɓoye ba. Irin ƙashin da in ya sami kiwo zai ɗauki nama. Amma na ga maruƙa masu irin wannan ƙashin da ba su kai damina biyu ba.

Na sauko na faɗi abin da kowane dillali na gaskiya yake faɗa kafin ya buɗe baki a kan kuɗi. Na ce, "A ja shi in ga tafiyarsa. A ba shi ƙwallo."

Wata mai fura ta toshe kunnuwan ɗiyarta.

Kyalla ta cire tabarau. Ta ce, "A nan ba a yin haka. In ya jefa za a san abin da ya iya. Abin da aka sani kuwa ba shi da tsada. So kake ka talauta yaron mutane?"

Na ce, "Hajiya, shekara hamsin da biyu ban taɓa sayen abin da ban ga tafiyarsa ba. Shi ya sa ƙofata take lafiya. Ban taɓa kuskure ba."

"Ba ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba."

Ta ce, "Shekarar da aka yi fara, wata tsohuwa daga Bosuwa ta kawo maka 'yar akuya kyalla, ramammiya, ko yaye ba a gama ba. Ka duba haƙori, ka ja ta ka ga tafiya, ka ce ba za ta yi rai ba. Ka sayar da ita kuɗin goro."

Na dube ta da kyau. Farin ya kewaye cikinta, akwai tsaga a kunnen hagu. Ita ce.

Ta ce, "Haihuwa tara na yi, duk tagwaye. Wanda ya saye ni da jikokina ya gina soro. Ba a buga ƙofarka ba, gaskiya ne. Wanda ya ci riba ba ya zuwa buga ƙofa. Tsohuwar kuma ba ta sani ba har ta rasu."

Maganar ta shige ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma na lura da wani abu: ta ajiye wannan labarin tun a ofis, ba ta fito da shi ba sai da aka zo wurin kuɗi. Mai yi maka wa'azi a daidai lokacin biya, ka duba hannunsa.

Na je wurin Cindo na ce, "Ara mini ƙwallo ɗaya." Ya ba ni. Na ɗaga na wurga wa yaron. Mutane suka yi salati. Ya cafe.

Na ce, "Jefa, Nafi'u. Kai ma ka huta."

Ya jefa. Ƙwallon ta tashi daidai saitin kwando, sai ruwan nan mai tashi ya ɗauke ta. Ta yi sama, ta huda tafkin, ta ɓace.

Na ce to, ga shi nan, ba ta shiga ba.

Kyalla ta ce, "Ba ta kuskure ba. Ba ta dai sauko ba."

Bunsuru ya yi ihu, "Tirela tara!"

Yaron ya shige cikin tafki har wuya.

Ruwa ya ɗauke. A can in ruwa ya ɗauke, duk abin da ya hau sama saukowa yake yi. Hular wani ta faɗo, sai takalmi, sai kaza. Can nesa na hango ƙwallon, ƙarama kamar ƙwayar gero, tana tahowa a hankali. Wasu awaki huɗu suka ɗauko ƙofata suka kafa ta a ƙarƙashin kwandon, suka tsaya a bayanta.

Kyalla ta ce, "Kafin ta iso za ka yi magana. In ta shiga, ya fi ƙarfinmu. In ba ta shiga ba, ba mai son sa. Yanzu ne kawai yake da farashi."

Na ɗaga kai na kira shi. "Nafi'u! Ga cinikin mutanen kirki. A ba ka kafin alƙalami, tirela ɗaya. Sauran, in ka yi shekara muka ga tafiyarka, a cika maka har da ƙari. In ka iya, ba ka yi asara ba."

Muryarsa ta zo daga cikin ruwa. "In ban iya ba fa, Baba?"

"Sai ka ci ɗayar ka gode Allah."

"Baba, don Allah in tambaye ka. Da kai ne, ana miƙo maka tara, za ka karɓi ɗaya?"

Duk kasuwa ta juyo tana kallona. Ni ba na ƙarya a kara, ko a mafarki. Na ce, "Ba zan karɓa ba."

"To ka yafe ni."

Ya sako igiyarsa daga sama, bunsuru ya cafe da baki. Ya ce ya saya, yaron ya ce ya sallama. Bunsurun na taka rawa yana kuka, ban san wanne ne na gaske ba.

Ni kuwa na taka na je na kama hannun Cindo. Na ce, "Wannan na ga haƙorinsa, na ga tafiyarsa. Buhun dusa, kuma ni zan biya masa mota. Na saya."

Cindo ya ce, "Baba, gwiwar hagun nan fa, shekara ɗaya ta rage mata. Biyu in an lallaɓa ta."

Na ce, "Na gani tun ɗazu. Abin da na gani na saya."

Kyalla ta rubuta, ta buga hatimi, ta cinye. Ta mayar da tabarau. Ta ce, "Madalla. In gwiwar Cindo ta tafi, ƙofarka za mu buga."

"Na yarda. Wannan hakkina ne."

"In kuma yaron can ya zama wani abu a ƙetaren ruwa, ƙofarka za mu buga."

Na ce, "Haba Hajiya! Ai ban saye shi ba!"

Ta ce, "Shi ya sa."

Ƙwallon ta kusa. Yanzu ta kai girman ƙwarya, ina ganin zanen jikinta. Ta nufo kwando, ko gefen kwando, daga inda nake ba a bambancewa. Na matsa dama, kan bunsuru ya tare ni. Na matsa hagu, Kyalla ta miƙe a kan ƙafa biyu ta tare. Na tabbata da gangan ta yi. Na sa hannu zan ture ta, sai na ji an bugi ƙofata.

Kwaram.

Na ce, "Ku dakata! Ba ta sauko ba tukuna!"

Kwaram. Kwaram.

Na buɗe ido. Gari ya waye, rana har ta shigo ta taga. Ƙofar tana nan a mazauninta, hulata a kan ƙusa, kuma ana buga ta da gaske. Shekara hamsin da biyu. Na tashi na gyara riga, na ce ko wane ne zai same ni a tsaye. Na buɗe.

'Yar akuyar Tasalla ce. Ta tsinke igiya, tana jan guntun a wuya, tana tunkuyin langa-langa da ƙahon da bai gama fitowa ba.

Tasalla ta leƙo daga madafa. "Malam, kama mini ita. Ka dai tuna jibi Alhamis. Nawa kake ganin za ta yi?"

Na tsuguna na ɗaga leɓenta. Haƙoran nono. Na taɓa ƙugu, ƙashin ba laifi. Na faɗi kuɗi, ninki biyu na abin da na yi niyya jiya.

Tasalla ta saki ludayi. "Wannan 'yar abar? Ko haihuwa ba ta taɓa yi ba fa!"

Na ce, "Shi ya sa."

Akuyar ta ɗago ta dube ni. Akwai wata takarda a bakinta, ban san inda ta samo ta ba, kuma kafin in kai hannu ta haɗiye.